Yadda Ake Buga Hoton Ɗan Wasan Kabuki da Allon Itace

A birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, da fitaccen ɗan wasan kwaikwayon kabuki ya hau dandamali, ba a jimawa hotonsa zai cika rumfuna, mutane na saye kamar yadda ake sayen kalandar 'yan fim. Hannu huɗu ke aikin: mai shagon ɗab'i da ke zuba kuɗi, mai zane, masassaƙi, sai mabugi. A wancan zamanin, tun daga 1790 ma, sai jami'in tacewa ya ɗora hatiminsa kafin wuƙa ta taɓa itace.

Zanen farko na baƙar tawada ne zalla a kan siririyar takarda. Masassaƙi yakan shafa wa allon itacen ceri ƙullun shinkafa, ya kifa zanen a kai, ya yi ta murza bayan takardar da yatsa har ta yi shara-shara, layuka su bayyana. Daga nan zanen ya tafi ke nan, wuƙa za ta cinye shi, shi ya sa ba kasafai ake samun ainihin zanen hannun manyan gwanayen ba.

Riga da jiki, yaran shago ke sassaƙawa. Kai kuwa na babban gwani ne, kuma a nan nakan ja kujera in zauna. Gashin gefen goshi mai zane ba ya zana shi ɗaya-ɗaya, ishara kawai yake yi, masassaƙi ne ke fitar da kowane sili. Ba silin yake yankewa ba, itacen da ke gefensa yake kwashewa, ya bar ɗan tudu da bai kai milimita ɗaya kauri ba, mai ɗan faɗi a gindi, yana sirancewa har ya ɓace. Dole ya karkatar da wuƙar waje don gindin ya yi ƙarfi, in ba haka ba silin zai karye tun kafin a yi nisa da bugu. Hannu ɗaya na riƙe da wuƙa, yatsan ɗaya hannun na tokare da ita, shi kuma ya sunkuya ko numfashin kirki ba ya yi. Ido ma haka. A tsayuwar da suke kira mie, ɗan wasa kan daskare ya harɗe ido, kuma masoyansa sun san wannan kallon sarai. In ƙwayar idon ta goce kaɗan, wani mutum ne daban. Wuƙa ta zame? Sai a fafe wurin, a cusa sabon guntun itace, a sake. Masu shago sun mori wannan dabarar: in wani ya karɓi rawar, sukan cire kan tsohon ɗan wasan su dasa na sabon a jiki ɗaya.

Sai sauran aikin. A buga gwaji daga allon farko da aka sassaƙa, mai zane ya nuna inda kowane launi zai zauna, a sassaƙa wa kowanne allonsa. Tsaga biyu a gefen allo, da ake kira kento, su ke sa takarda ta koma daidai wurinta kowane zagaye. Babu inji. Mabugi ya jiƙa takarda, ya baza launi da ƙullun shinkafa da burushi, ya murza bayanta da baren, faifai mai lulluɓin ɓawon gora. Launuka masu haske ake fara bugawa. A manyan fuskokin da mai zane Sharaku ya zana a 1794, mai shagon ɗab'i Tsutaya Juzaburo ya sa an shafe bayansu da garin dutse mai ƙyalli.

Sunan mai zane da hatimin mai shago galibi suna jikin hoton. Na masassaƙi ya daɗe bai samu shiga ba, abin da ke ba ni takaici. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ya yawaita, kuma a hotunan mai zane Kunisada da yawa za ka ga ɗan hatimi a gefe ɗauke da sunan masassaƙi Hori Take.