Zoben Fairuz: Gane Na Gaske Kafin Ka Biya

Duk shekara idan alhazan Gwandu da Kalgo suka dawo daga ƙasa mai tsarki, da wuya a rasa zoben azurfa mai shuɗin dutse a cikin tsarabarsu. Fairuz ke nan, ko dai abin da mai kanti ya ce fairuz ne. Gaskiyar magana, da yawa daga cikin masu arhar nan ba shi ba ne, kuma abin takaici ne mutum ya ƙare guzurinsa a kan jabu.

Fairuz na asali tagullar da ke jikinsa ce ke ba shi shuɗi, idan kuma baƙin ƙarfe ya yi yawa sai ya karkata zuwa kore. Wanda ya fi suna shi ne na Nishapur a ƙasar Iran, mai ruwan sararin samaniya, an fi shekara 1,000 ana haƙo shi. Na Sina'i a Masar ya fi shi tsufa, tun zamanin Fir'aunoni, kuma yakan ɗan yi kore. Na lardin Hubei a China yakan zo da baƙin zane kamar saƙar gizo-gizo. Akwai kuma na Arizona a Amurka.

Jabun iri-iri ne. Akwai farin dutse mai laushi da ake rinawa, shi ya fi yaudara domin shi ma yana da zane. Akwai roba, akwai gilashi, akwai garin fairuz da ake kwaɓawa da danƙo a daskarar.

To, Alhaji, ga abin yi. Jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, ka murza bayan dutsen. Idan audugar ta ɗauki shuɗi, rini ne. Hajiya mai sayen sarƙa, leƙa cikin hudar kowane ɗan dutse: fari a ciki, shuɗi a waje, jabu ne. Ku dubi zanen ma, domin rini yakan taru a cikin tsagar ya fi duhu. Roba ba ta da nauyi, ba ta da sanyi a fata, kuma allura mai zafi na narkar da ita. Amma a yi hattara da gwajin allurar nan. Ana ɗura wa fairuz na gaske danƙo don ya yi ƙwari, shi ma zai ji wuta. Irin wannan ba jabu ba ne, sai dai kuɗinsa bai kai na wanda ba a taɓa ba, kuma wajibin mai sayarwa ne ya faɗa. Idan ka ga tire cike da zobba launinsu ɗaya sak, kuɗinsu riyal kaɗan, wuce kawai.

Wanda ya dace da na gaske, ya raba shi da turare, mai da sabulu. Dutsen yana tsotsar maiƙo, shuɗin ya koma kore.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar adon duwatsu ba ce. Bida ta masu narka gilashi su yi duwatsun wuya, da Ilorin ta masu feƙe jan dutsen lantana, duk masarautu ne da suka kasance ƙarƙashin Gwandu a ƙarni na 19. Kakanninmu mata sun san murjani da tsakiya, suna juya su a tafin hannu su gane na ƙwarai. Wannan idon ne ya kamata mu farfaɗo da shi.

Sauran batu ɗaya. A Iran da Tibet da wasu wurare ana cewa fairuz na kore kambun baka yana jawo nasara, kuma wasu 'yan kasuwa da wannan suke tsuga kuɗi. Kada ka biya ko kwabo saboda wannan zance. Malamanmu sun yi bayani cewa sa zoben azurfa ado ne halal, amma jingina kariya ga dutse yana taɓa tauhidi. Saye shi don kyansa, ka gwada shi a gaban mai kantin. Idan ya hana gwaji, mayar masa da kayansa.