Gonar da Shaidunta Suka Watse

A yammacin Zamfara, mallakar gona ta daɗe ba ta buƙatar takarda, domin mai ita yana nan yana nomanta, maƙwabtan iyaka suna raye sun san inda kunyarsa ta tsaya, alamomin da kakanni suka kafa kuma, ko layin gamba ne ko kuka ko suri ko bakin gulbi, suna inda aka bar su. Tsari ne mai kyau, ya kuma riƙe mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum shekaru aru-aru. Aikina awon filaye ne da fitar da taswirarsu, kuma abin da wannan aiki yake nuna wa duk mai yin sa a wannan yanki shi ne, ginshiƙan da tsarin ya dogara a kansu suna zubewa lokaci guda. Ruwa yana share alamomi, rashin tsaro yana warwatsa shaidu, zinaren da ke ƙarƙashin ƙasa kuma ya jawo idon mutanen da ba su taɓa jin sunan kakan kowa ba. Mai gona ko gida a ƙauyukanmu, musamman waɗanda damina ke yanke su daga gari su koma tsibiri sai da kwale-kwale, ya kamata ya mayar da haƙƙinsa rubutacce tun waɗanda suka san gaskiyar iyakarsa suna da rai kuma ana iya samunsu.

A fara da ruwa, tunda shi ne ya fi tsufa cikin matsalolin. Gulbin Zamfara ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin gaɓa ta wannan gefe, ya zube yashi da laka a wancan, kuma fadamar da ta fi kowace albarka ita ce ta fi kusa da bakinsa. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta rusa dubban gidaje, yawancinsu ginin ƙasa, kuma idan katangar laka ta narke iyakar da ke tsakanin gida da gida ta narke tare da ita. Bayan makonni kaɗan, ranar 14 ga Satumba, kwale-kwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetaren gulbi ya kife a kusa da garin, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. An yi maganar hatsarin ta fuskar cunkoso da rashin rigar kariya, kuma daidai ne a yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗanda ke shiga irin wannan jirgi da sassafe su ne masu gonakin ƙetare da maƙwabtan iyakarsu. Idan magidanta da yawa na fadama ɗaya suka tafi rana ɗaya, sanin wa ke da ina ya tafi da su, ya rage wa mata da marayu su yi ta lalube.

Gudun hijira ya fi ruwa ɓarna ta wannan fuska, domin ruwa yana janyewa bayan Oktoba, tsoro kuwa ba shi da kaka. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 sun tayar da garuruwa sukutum, ba su ne na farko ba kuma ba su ne na ƙarshe ba. Mutanen ƙauye ɗaya yanzu za ka same su a rarrabe, wasu a sansanin da ke cikin Anka, wasu a Gusau, wasu a Sakkwato ko ƙasar Kebbi. Gonar da ta shekara huɗu ko biyar ba a nome ta ba daji ya cinye kunyoyinta, itatuwan iyaka an sare an yi gawayi, dattijon da ya halarci rabon gadonta ya rasu a garin da ba nasa ba. Ranar da zaman lafiya ya dawo, da yardar Allah, ba kowa ne zai koma rana ɗaya ba. Wanda ya riga komawa zai nome inda ya samu, sau da yawa ba da mugun nufi ba, wanda ya zo daga baya kuma ya tarar da hatsin wani a ƙasar ubansa.

A nan ne shari'a ke shigowa, kuma ya kamata a san yadda take kallon lamarin. Alƙalan kotunan shari'ar Musulunci a Zamfara suna hukunci da mazhabar Malikiyya, inda ake da ƙa'idar hauzi: wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita kamar tasa, mai da'awa yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to da'awarsa ta raunana. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, har ya kai shekara 40. Gaskiya ne malamai sun keɓe wanda ba ya gari, da yaro, da wanda tsoro ya hana shi magana, da ƙasar da aka bayar aro ko jingina. Amma kowanne daga cikin waɗannan uzurori sai an tabbatar da shi a gaban alƙali, kuma da shaidu ake tabbatarwa, su ne kuwa suka watse. Ta ɓangaren dokar ƙasa, Kotun Ƙoli a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa. Huɗu daga ciki, wato tarihin gado, da ayyukan mallaka na tsawon lokaci, da daɗewa a kan ƙasar, da riƙe ƙasar da ke maƙwabtaka da ita, duk suna buƙatar mutum ya kasance a wurin ko ya kawo waɗanda suka kasance. Guda ɗaya ce kawai ɗan gudun hijira zai iya sakawa a aljihu ya gudu da ita, ita ce takarda.

Mutane da yawa suna ɗauka takardar ƙasa sai mai kuɗi, sai wanda ya san wani a Gusau. Wannan ya fi kusa da gaskiya a kan filayen da ke cikin yankin da gwamna ya ayyana birni, waɗanda takardarsu ke bi ta hukumar filaye ta jiha, wato ZAGIS. Gonar ƙauye hanyarta dabam. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin riƙe ƙasa na gargajiya a wajen birane, har hekta 500 don noma ba sai an nemi amincewar gwamna ba, kuma babu manomin fadama da gonarsa ta kusa kai haka. Sashe na 36 ya ƙara da abin da ya fi wannan amfani. Wanda ke noma ƙasa tun kafin dokar ta fara aiki a watan Maris na 1978 ana ɗaukarsa tamkar an riga an ba shi haƙƙin, kuma idan ya kai wa ƙaramar hukuma zane ko cikakken bayanin gonar ta gamsu, wajibinta ne ta yi masa rajista. Dokar ba ta ce sai taswirar ƙwararre mai tsada ba. Ni da nake cin abinci da awo zan fi son kowa ya kira mai awo, amma gaskiya ita ce wayar hannu ta yau tana iya ɗaukar lambobin kusurwoyin gona da kuskuren 'yan mitoci, wanda ya wadatar a gane gonar hekta biyu ko da gulbi ya kwashe kukar da ke bakinta. Awon ƙwararru da turakun siminti ya fi dacewa da filin gida a cikin gari, inda taku uku ke haɗa 'yan'uwa faɗa, da kuma gonar da ke kusa da ramin haƙa.

Batun haƙar ma'adinai shi ne inda rashin takarda zai fi cutar da mutane nan gaba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka zinaren da ke gonarka ba naka ba ne a idon doka, ko ka so ko ka ƙi. Lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa, a kan taswirar da aka yanka murabba'i-murabba'i, wadda ba ta san kunya ko gamba ba. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ba ta bar mai doron ƙasa hannu wofi ba. Sashe na 100 ya ce a sanar da mai ƙasa ko mai zaune a kanta a kuma nemi yardarsa kafin a ba da lasisi, in ba haka ba a cire ƙasarsa daga ciki, sannan dokar ta tanadi kuɗin haya na shekara-shekara da diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aka lalata. Tambayar ita ce, wa za a sanar, wa zai sa hannu a takardar yarda? Inda babu rubutaccen mai gona, kuma mai gonar yana sansani, duk wanda ya fi kusa da mai neman lasisi shi zai sa hannu, kuɗin kuma su bi hannun da ya sa. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, wato ƙofar neman lasisi ta sake buɗewa a daidai lokacin da masu gonakin ba sa gida. Mutanen Bagega da Dareta da Abare da Yargalma sun riga sun ɗanɗana ɗacin zinare a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Bai kamata a ce bayan wannan, ɗan abin da doka ta ware musu ma ya wuce ta kansu ba.

Akwai masu cewa ɗan bindiga ba ya karanta takarda, kuma gaskiyarsu. Takarda ba ta buɗe hanyar gona, ba ta hana a ɗora wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Amma ba don ɗan bindiga ake yin ta ba, don ɗan'uwa da maƙwabci da kamfani da alƙali ake yin ta, waɗanda za su kasance nan bayan bindiga ta yi shiru. Wasu kuma suna tsoron cewa rubuta gona nuna wa gwamnati ita ne, gobe ta sa haraji ko ta ƙwace. Ikon soke haƙƙin ƙasa don amfanin jama'a yana sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa, kuma yana hawa kan mai takarda da marar takarda daidai wa daida. Bambancin yana wajen diyya, inda ake neman sunan wanda za a biya.

Ƙorafin da ya fi nauyi, wanda ba na raina shi, shi ne takarda makamin mai ƙarfi ce. An sha ganin inda aka fito da takardar da aka yi a ɓoye aka kori wanda ya gaji gona kaka da kakanni, kuma yanzu da masu gonaki suke warwatse wannan haɗari ya ƙaru. Sai dai maganinsa ba ƙin rubutu ba ne, domin ƙin naka ba ya hana wani yin nasa. Abin da ke karya takardar ɓoye shi ne takardar fili: a zaga iyaka da rana, ko in ba a iya zuwa a zauna a bayyana ta, maƙwabtan kusurwa huɗu su sa hannu ko su dangwala, mai unguwa da hakimi su shaida, liman ya halarta, a rubuta da boko da ajami idan ana so. Ya fi kyau ƙauye ya yi nasa gaba ɗaya maimakon ɗaiɗai, domin kowace gona ta zama shaidar ta kusa da ita, kuma kuɗin mai awo ya ragu idan an haɗa. Sansanin gudun hijira ma, duk da baƙin cikinsa, wuri ne da dattawan ƙauye ke zaune kusa da juna ba aikin gona, kuma zaman kwana biyu ya isa a rubuta gonakin unguwa guda, kowa da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da tsarin da zai iya ɗaukar wannan, tun daga uban ƙasa har mai unguwa. Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon babban alƙalin babbar kotun Abuja ne, ba sai an yi wa fadarsa bayanin darajar rubutacciyar shaida ba.

Sai kunya, wadda ita ce ke hana rubutu tsakanin dangi. Mutum ya ba ƙanensa aron gona, ko ya jinginar da fadama don ya haɗa kuɗin fansar ɗansa, abin da ya zama ruwan dare a shekarun nan, sai ya ga neman a rubuta tamkar zargi ne. Amma aro da jingina su ne ainihin abin da hauzi ba ya cinyewa idan an tabbatar da su, kuma su ne suka fi saurin rikiɗewa su zama "ai sayarwa aka yi" da zarar waɗanda suka ƙulla sun kwanta dama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga muminai aka saukar da ita, ba ga masu zargin juna ba. Haka gadon da ake bari ba a raba ba da sunan haɗin kan gida. Wanda ke cin moriyar wannan jinkiri shi ne babban wa mai noma gonar, waɗanda ke asara kuwa matar mamaci da tumuninta, da 'ya'ya mata da aure ya kai wani gari, da yaran da ba su yi wayo ba lokacin da mahaifinsu ya rasu. Ana iya raba gado a takarda, kowa ya san rabonsa, a ci gaba da noma tare.

Takardar da aka yi kuma kada a ajiye ta wuri ɗaya, domin akwatin da ke ƙarƙashin gado ruwa yana ci, wuta ma tana ci. Asalinta ya zauna wurin mai ita cikin leda, kwafi ɗaya a ofishin filaye na ƙaramar hukuma, ɗaya a fadar uban ƙasa, ɗaya wurin ɗan'uwan da ke zaune a wani gari. A ɗauki hotonta a waya a tura wa mutum biyu ko uku, amma kada a dogara da wayar kaɗai, tunda a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni, wasu ƙananan hukumomin ma suka fi haka daɗewa. Lokacin yin wannan aiki shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da gulbi ya janye, turɓayar da ya zubo ta bushe, ana iya taka gaɓa a ga inda ruwan bana ya tsaya a rubuta shi cikin bayanin gonar.