Madogarin Tafiya Ga Tsofaffi: Yadda Za A Zaɓa, A Daidaita, A Koyi Amfani Da Shi

A gidaje da yawa, ranar da tsoho ya faɗi ita ce ranar da al'amuransa ke juyawa. Kafin nan yana zuwa masallaci, yana zagayawa bayi da kansa, yana fitowa zaure a gaisa. Bayan faɗuwar sai tsoro ya shige shi, ya rage tashi, ƙafafu su ƙara sanyi saboda rashin motsi, har ta kai sai an kwantar an tayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ci. Ta kuma ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a cikin shekara.

Shi ya sa 'ya'ya ke hanzarin sayo madogarin tafiya, ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake kamawa da hannu biyu, wanda a asibiti ake ce wa woka. Niyyar mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Sai dai sau da yawa bayan mako biyu za ka tarar an jingine shi a lungun ɗaki ana shanya tawul a kai. Dalili kuwa shi ne sayen ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne a samo wanda ya dace da jikin mai shi, a gyara gida ya karɓe shi, sannan a zauna a koya wa tsohon yadda ake tafiya da shi. In an tsallake waɗannan, abin da aka sayo don hana faɗuwa shi ne zai kayar.

Wane iri ne ya dace?

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko ba shi da taya, ƙafafunsa huɗu duk roba ce a ƙasa. Ɗaga shi ake yi, a ajiye gaba, a tako. Ya fi sauran tsayawa daram, don haka shi ake ba wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko gwiwa, ko wanda likita ya hana sakin nauyinsa duka a kan ƙafa ɗaya. Aibinsa, yana son ƙarfin hannu da kafaɗa, kuma yana gajiyarwa.

Na biyu yana da taya biyu a gaba, roba a baya. Turawa ake yi, ba a ɗagawa, in an danna shi kuma ƙafafun baya su cije. Tsohuwar da hannunta ba ƙarfi, ko wadda take tangaɗi ta yi baya in ta ɗaga abu, wannan ne nata, matuƙar daɓen gidan siminti ne ko tayil.

Na uku shi ne mai taya huɗu da birkin hannu da ɗan wurin zama. Wata mata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Aina Wifalk, wadda shan inna ya taɓa, ita ta ƙirƙiro shi a 1978, kuma ba ta yi rajistar mallakarsa ba domin kowa ya amfana. Shi ya fi ɗaukar ido a shago, shi ya fi tsada, kuma shi aka fi saya wa wanda bai dace da shi ba. An yi shi ne don mai iya takawa wanda ke saurin gajiya ko numfashinsa ke sama, ya yi tafiya, ya zauna ya huta, ya ci gaba. Wanda zai ɗora masa nauyinsa gaba ɗaya, tayoyin za su gudu su bar shi. Wanda mantuwar tsufa ta kama kuma zai manta da birki. Sannan ba keken guragu ba ne, kada a zaunar da tsoho a kai a riƙa tura shi, domin da tayar gaba ta ci karo da ɗan dutse sai ya kife.

Duk ukun nan hannu biyu suke buƙata. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kashe wa hannu ɗaya, sanda mai yatsu huɗu a ƙasa ko madogari na hannu guda ya fi masa. Wannan hukunci ba na mai shago ba ne. A kai tsohon wajen likitan fisiyo, mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya ga tafiyarsa da ƙarfin riƙonsa kafin a kashe ko sisi. Akwai sashensu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da manyan asibitoci irinsu. A tafi da duk magungunan da yake sha, domin wani jirin daga maganin hawan jini ne ko na barci ko na suga, wani tuntuɓen kuma yanar ido ce. Irin waɗannan magani ake yi musu, ƙarfe ba zai gyara su ba.

Daidaita tsayi

Wannan aikin minti biyar ne, amma shi aka fi sakaci da shi. Tsohon ya sa takalmin da ya saba tafiya da shi, ya tsaya a tsakiyar madogarin, ya saki hannayensa a gefe. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, inda ake ɗaura agogo. In ya kama, gwiwar hannunsa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In ya yi gajarta zai riƙa tafiya a duƙe, baya ya yi ciwo, nauyinsa ya rinjaya gaba. In ya yi tsawo kafaɗu za su ɗage, hannu ya kasa dannawa. A jikin ƙafafun akwai ramuka da ɗan maɓalli da ake dannawa a ja, a tabbata duk huɗun a rami ɗaya suke kuma maɓallin ya fito sosai.

A duba rubutun nauyin da zai iya ɗauka. Da yawansu kilo 136 ne iyakarsu, mai jiki sosai kuma akwai nasa mai faɗi da ƙwari. Wanda za a ba mai walda ya ƙera, a sani cewa baƙin ƙarfe ya fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba a ƙara masa tsawo ko a rage. In ya zama dole, a auna tsohon tukuna, a yi amfani da bututu marar nauyi, a sa roba a ƙafafun.

Gidan ma yana son gyara

Waɗanda suka ƙera waɗannan abubuwa shimfiɗaɗɗen daɓe suka yi wa. Gidajenmu kuwa akwai dokin ƙofa, da rairayi a tsakar gida, da kwata, da ƙofar bayi wadda mutum ɗaya ma sai ya karkace. Kafin a saya, a auna faɗin ƙofar ɗaki da ta bayi. Sannan mutum ya bi hanyar da tsohon ke bi kullum, daga gado zuwa bayi, zuwa wurin alwala, zuwa inda yake shan iska, yana duban ƙasa.

A naɗe tabarma da darduma daga kan hanya, a yanke ledar ɗaki da ta yage ta ɗago baki, a kau da wayar caji da takalman yara. Inda dokin ƙofa ya yi tsawo, magini ya zuba ɗan gangare na siminti. In tsakar gida rairayi ce, ƙananan tayoyi nutsewa suke yi, sai a nemi mai manyan tayoyi kamar inci 8, ko a yi siririn daɓe daga ƙofar ɗaki zuwa bayi. Da damina a riƙa kankare gansakuka a wurin wanke-wanke.

Bayi shi ne wurin da ya fi hatsari, ga santsi ga tsuguno. A kafa ƙarfen kamawa a bango, a sa kujerar bahaya mai rami a tsakiya, a ajiye kujerar roba mai ƙwari don wanka da alwala. Da dare a kawo masa fo ko kujerar nan kusa da gado, a bar fitila mai caji a kunne, domin fitsarin dare cikin duhu in an ɗauke wuta ya kayar da tsofaffi masu yawa. Katifar ƙasa da 'yar kujerar tsakar gida sun yi ƙasa da yawa. Gado da kujera su zama masu tsayin da in ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa, gwiwarsa kuma ba ta fi ƙugunsa bisa ba.

A lura da sutura. Zane ko hijabi mai jan ƙasa da hannun babbar riga suna sarƙewa a ƙafar madogari ko a taya. Silifas mai santsi a musanya shi da takalmi mai kama diddige.

Tashi, tafiya da zama

Wajen tashi, kada tsohon ya kama madogarin ya ja, domin zai taso ya faɗo masa. Ya matso bakin gado, ya janyo ƙafafu ƙarƙashinsa, ya dafa gadon ya miƙe, sannan ya kama mariƙin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan tsaya jiri ya wuce kafin ya ɗaga ƙafa.

Wajen tafiya, ya kai madogarin gaba gwargwadon taku ɗaya, ƙafafu huɗun duk su zauna, ya fara shigar da ƙafar da ke ciwo, ya danna da hannu, sannan mai lafiyar ta biyo. Jikinsa ya kasance a ciki, ba can baya yana miƙa hannu ba, ba kuma manne da ƙarfen gaba ba. Idonsa a gaba. In zai juya, ya juya da ƙananan taku. Sannu ba ta hana zuwa.

A dokin ƙofa ko dakali guda, madogarin ne ke fara hawa ko sauka. In hawa ne ƙafa mai lafiya ta fara, in sauka ce mai ciwon ta fara. Matakalar bene kuwa ba a hawanta da shi sam, gara a sauko wa tsohon da ɗakinsa ƙasa.

Wajen zama, ya ja da baya har ya ji kujerar ta taɓa bayan ƙafafunsa, ya kai hannu ya dafa ta, ya sauka a hankali. Mai taya huɗu sai an danna birki ya kulle kafin a zauna ko a tashi, kowane lokaci. Kada ya riƙe buta ko carbi ko waya a hannu yana tafiya, a ɗaura masa 'yar jaka marar nauyi a gaban ƙarfen. Mai rakiya ya tsaya ɗan baya ta ɓangaren da ya fi rauni, kada ya riƙa jan hannunsa.

In ya ce ba ya so

Mutumin da ya yi shekara 70 yana ɗaukar nauyin wasu ba zai ji daɗin a gan shi yana tura ƙarfe ba. Wannan ba taurin kai ba ne, mutunci yake karewa, don haka ta ƙofar mutuncin za a shigo masa. Kada a ce masa ya tsufa ko ya kasa. A ce, “Baba, a daure a gwada wannan, ko a samu a koma sallar jam'i.” A ce, “Inna, da wannan ba sai an jira kowa ba in za a zaga.” Babu tsohuwar da ke son surukarta ta riƙa kai ta bayi. A fara a cikin ɗaki inda ba idon jama'a, in ya saba a fito tsakar gida. Jikoki ma suna da rana a nan, domin abin da ɗa zai faɗa a ji haushi, jika zai faɗe shi cikin wasa a yi dariya a kuma aikata. A masallaci a tanadar masa kujera a gefen sahu, tunda addini ya yi sauƙi ga wanda tsayuwa ta gagara.

Kada kuma tausayi ya sa a hana shi motsi. Doguwar kwanciya tana cinye tsoka, tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. Ya riƙa ɗan zagaye safe da yamma, yana kuma yin motsa jikin da likitan fisiyo ya nuna masa.

Kulawa, da abin yi in an faɗi

Duk mako a kifa madogarin a duba robobin ƙafa. In sun cinye ko sun tsage a canza, domin tsiraicin ƙarfe a kan tayil santsi ne tsantsa. A ɗaure kusoshin da suka saki, a cire gashi da zare daga tayoyi. Wayar birki irin ta keke ce, mai gyaran keke zai iya ɗaure ta. Wanda zai sayi na hannu ya girgiza shi da kyau, in yana rawa ko akwai tsaga a mahaɗa ya bar shi.

In tsautsayi ya gitta tsohon ya faɗi, kada a ruga a fizgo shi. A tambaye shi inda ke ciwo. In ciwon a ƙugu ne ko matsematsi, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya kasa takawa, alamar karayar ƙugu ce. A ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto a ranar. Wannan ƙashin yana can ciki inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma jinkiri yana ƙara hatsari. In kansa ya bugu, musamman mai shan maganin tsinka jini, a kai shi ko da ya ce lafiyarsa lau.

Wanda ke da tsoho a gida da ya fara dafa bango in zai tafi, ko yake yunƙuri biyu uku kafin ya tashi daga kujera, kada ya jira sai an faɗi. A wannan makon ya auna ƙofofi, ya kwashe abin tuntuɓe daga hanya, ya sa rana da likitan fisiyo, sannan ya je sayayya da abin da likitan ya rubuta. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.