Darasi na Tara: Yadda Ake Haɗa Ma'ajiyar Katako a Tsaye

Katako kuɗi ne. Duk kafintan da ya je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, ya san haka. Yawancin katakon nan daga dazuzzukan kudu, kamar na jihohin Ondo da Edo, ake kawo shi a manyan motoci. Kafin ya iso Kano ya ci kuɗin mota da na dako. Bai kamata a saye shi da tsada, a zo gida a zube shi a ƙasa ba.

Maƙiyan katako

Katako yana da maƙiya uku: gara, da laima, da rana.

Gara daga ƙasa take hawowa. Ka ɗaga falankin da ya daɗe kwance a tsakar gida, ka juya shi. Za ka ga layin jar ƙasa manne a jikinsa. Ka danna da yatsa, sai ya burma. Sama lafiya lau, ciki kuwa an cinye.

Laima tana sa katako ya kumbura, ya yi baƙi, ya ruɓe. A Kano ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta. A yankin Kura da Bunkure kuwa, inda ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974 yake bin hanyoyinsa zuwa gonakin shinkafa da tumatir, ƙasar da ke kusa da ruwan tana riƙe danshi har da rani.

Rana da iskar hunturu suna busar da gefe ɗaya su bar ɗaya. Sai katako ya lanƙwashe, bakinsa ya tsage. Ƙofar da aka yi da lanƙwasasshen katako ba ta rufuwa daidai, mai ita kuma ba zai sake kawo maka aiki ba.

Amfanin tsayar da katako

Mai aiki a zaure ko a rumfar ƙofar gida ba shi da fili. Katako a kwance yana cin wuri. Idan kana son na ƙasa, sai ka kwashe na sama duka. A tsaye kuwa, kowanne yana gabanka, ka zare wanda kake so.

Amma a kula: busasshen katako kaɗai ake tsayarwa. Ɗanye, wanda za ka ji shi da nauyi da sanyi a hannu, a kwance ake shanya shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa.

Kayan aiki

Wannan ma'ajiya faɗinta ƙafa 6 ne, zurfinta ƙafa 2. A tanadi:
Tu-bai-fo guda 4, masu tsawon ƙafa 12.
Tu-bai-tu guda 2.
Falanki ɗaya mai faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12.
Bulo 6.
Ƙusa mai inci 3 da mai inci 4, da ƙusar kankare.
Baƙin mai ko maganin gara.
Igiya mai ƙarfi ko sarƙa.
Zarto, guduma da tef na awo.

Yadda ake haɗawa

1. Zaɓi bango mai ƙarfi, inda rufi ba ya yoyo, feshin ruwa ba ya kaiwa. Ka nisanci murhu da janareta, domin katako abokin wuta ne.

2. Yanka tu-bai-fo ɗaya gida biyu, ƙafa shida-shida. Haɗa su da gajeru uku masu ƙafa 2: ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya. Gindin ke nan.

3. Shafe gindin da baƙin mai ko maganin gara. Jera bulo, ka ɗora shi a kai. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan.

4. Raba falankin biyu, ka shimfiɗa a kan gindin, ka buga ƙusa. A bakin gaba ka kafa tu-bai-tu mai ƙafa 6, don ya tare ƙafar katako kada ta zame.

5. A baya ka tsayar da ginshiƙai uku masu ƙafa 6. Gitta musu tu-bai-fo biyu, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya. A kansu katako zai jingina. Tokare ginshiƙan gefe da tu-bai-tu a karkace zuwa gaban gindin.

6. Kama ginshiƙan da bango da ƙusar kankare. Idan ginin ƙasa ne, ƙusa ba za ta riƙe ba. Sai ka ƙara tokara ta yi ƙarfi sosai.

7. A jikin gicciyen tsakiya ka kafa sanduna huɗu masu ƙafa ɗaya da rabi, suna kallonka. Su za su raba ma'ajiyar gida biyar.

Yadda ake jera katako

Kada katako ya tsaya cak, zai faɗo. Kada kuma ya kwanta da yawa, zai lanƙwashe a tsakiya. Mai ƙafa 8, ka janye gindinsa daga majingina kamar inci 8. Mai ƙafa 12, kamar ƙafa ɗaya. Ka fara auna tsayin rufinka, domin ɗakuna da yawa ba su kai ƙafa 12 ba.

Dogaye a baya, gajeru a gaba. Katakon afara gidansa daban, obeche daban, maɗaci daban, guntaye ma daban. Idan ka gama, ka ɗaure gaban da igiya ko sarƙa. Wannan ba abin sakaci ba ne: falanki ɗaya idan ya faɗo kan yaro yana iya karya shi. Kowane mako ka leƙa ƙarƙashi, ka share garin katako. In ka ga layin gara a jikin bulo, ka kankare shi, ka zuba magani nan take.

Tambayoyi

1. Faɗi maƙiyan katako uku.
2. Me ya sa ba a tsayar da ɗanyen katako?
3. Mene ne amfanin bulo a ƙarƙashin ma'ajiya?

Lissafi

Guntaye nawa masu ƙafa 2 za a samu a katako mai ƙafa 12?

Aikin gida

Auna bangon wurin aikinka da tef. Rubuta faɗinsa da tsayinsa a littafinka, ka kawo aji.