Darasin Kasuwanci: Rangwamen Kyamara Lokacin Bukukuwa da Jita-jitar Sabon Samfuri

Kowace shekara, tun daga ranar Black Friday a ƙarshen Nuwamba har zuwa Kirsimeti, manyan shagunan Amurka da Turai sukan karya farashin kyamarorin dijital na Canon da Nikon da Sony. Da zarar hakan ta faru, sai jita-jita ta bazu cewa sabon samfuri na tafe, domin a Janairu ake baje kolin CES a Las Vegas, a Fabrairu kuma na CP+ a Yokohama ta ƙasar Japan.

To, sai dai rangwame iri biyu ne. Na biki yakan shafi kaya da yawa, kuma farashi yakan koma yadda yake bayan bikin. Na share rumbu kuwa yakan tsaya kan samfuri guda wanda ya daɗe a kasuwa, farashin ba ya komawa, kayan kuma su dinga ƙaranci. Alal misali, Canon EOS 5D Mark III ta fito a 2012, magajiyarta Mark IV kuma a 2016.

Kamfanoni sukan ɓoye shirinsu saboda darasin kamfanin kwamfuta na Osborne, wanda ya sanar da sabon samfuri tun bai kammala ba, dillalai suka janye odar tsohon, ya durƙushe a 1983.

Saboda haka, mai saro kyamara zuwa Legas ko Kano ya duba shekarun samfurin kafin ya zuba jari. In tsoho ne, ya sayi abin da zai iya sayarwa da wuri, kada araha ta bar shi da kwantai.