Amsoshin Tambayoyinku: Canza Fatar Birkin Baya a Gida

Tambayarmu ta fito ne daga Malam Isa a garin Funtuwa. Yana cewa birkin bayan motarsa ya fara ƙara, ko zai iya canza fatar birkin da kansa a gida?

To, Malam Isa, mun gode. Za ka iya, in kana da kayan aiki da haƙuri.

Ka ajiye motar a fili mai shimfiɗa, ka tokare tayoyin gaba, sannan ka saki birkin hannu, domin tayoyin baya yake riƙewa. Ka ɗaga motar da jak, ka kafa mata ƙarfen tokara. Kada ka dogara da jak kaɗai.

Ka cire taya, ka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fatar birki a jikin faifai. Ka rataye ta da waya, kada ta yi lilo a tiyon man birki.

Ga inda ake kuskure, Malam Isa. A motoci da yawa, fistan da ke cikin kalifar baya murɗa shi ake yi ya koma ciki. Murɗawa, ba dannawa da ƙarfi ba. In birkin hannunka na lantarki ne, galibi sai bakanike mai na'ura.

Ka canza ɓangarorin biyu tare, hagu da dama. Kafin ka tuƙa, ka tattaka birki har ya yi tauri, ka duba man birki, ka gwada a hankali.

Allah ya kiyaye hanya.