WASAN TARON DANGI A INTANET: DARASI GA MAI JUNA BIYU DA IYALINTA

'Yar'uwa mai juna biyu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da ba a saba jin sa a ɗakin awo ba, wato wasannin da ake yi a waya ko kwamfuta ta intanet. A gari irin Wudil, mai jami'ar kimiyya da fasaha tun shekarar 2001, ba abin mamaki ba ne a samu maigida ko ƙaninsa yana irin wannan wasa har tsakar dare. Wasa ba laifi ba ne. Amma naƙuda ba ta sallama, don haka ya kamata ki san yadda wasan yake, iyali kuma su tsara shi yadda ba zai shiga tsakaninki da asibiti ba.

MENE NE WASAN TARON DANGI?

Akwai wasannin da kowane ɗan wasa yake zaɓar jarumi guda, ya riƙa sarrafa shi cikin wata duniya ta ƙirƙira tare da dubban mutane. A ciki akwai manyan dodanni da mutum ɗaya ba zai iya kayarwa ba, sai an yi musu taron dangi. Mafi shahara shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004. A farkonsa mutum 40 ne ke haɗuwa a kan dodo ɗaya, cikin rukuni takwas na mutum biyar-biyar. Daga baya an rage yawan zuwa tsakanin 10 da 30.

A wayoyin hannu an fi sanin danginsa, kamar Clash of Clans na 2012, inda ƙungiya ɗaya kan kai mutum 50, da PUBG Mobile da Free Fire, inda ake shiga mutum huɗu-huɗu. Salonsu ya bambanta, amma duk a ciki akwai mutanen da ke dogara da kai.

YADDA AKE SHIRYA SHI

Ba a shiga da ka. Akwai jagora mai sa rana da lokaci, sau da yawa dare biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa uku. Sannan a raba aiki gida uku:

1. Masu garkuwa, waɗanda ke tsayawa gaban dodo su sha duka domin kare sauran.
2. Masu magani, waɗanda ke warkar da duk wanda aka ji wa rauni.
3. Mahara, waɗanda ke saran dodon har ya faɗi.

Kowa yana tanadar kayansa tun kafin ranar, a kuma ajiye 'yan ko-ta-kwana idan wani bai zo ba. Ana yin wasan kai-tsaye ne da mutane na gaske, saboda haka ba a iya dakatar da shi. Idan mai garkuwa ko mai magani ya tashi ana tsakiyar faɗa, rundunar duka na iya hallaka, a koma farko. Wasu ƙungiyoyin kuma suna raba ganima ne gwargwadon yawan halartar mutum. Shi ya sa za ki kira mai wasa ya ce miki "ina zuwa", awa guda ta wuce bai zo ba.

INA RUWAN MAI CIKI DA WANNAN?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Jinkiri iri uku ke taimaka wa wannan: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a gida suke faruwa. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a taimaka mata ba. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, kuma ranar Juma'a da kasuwa ke ci hanya kan cushe. Ka ga ke nan ba a da awa guda ta zubarwa.

GARE KA, MAIGIDA MAI WASA

1. Daga mako na 37 haihuwa na iya zuwa kowace rana. Mata kaɗan ne ke haihuwa daidai ranar da aka rubuta a kati. Ka sanar da jagoranku tun da wuri cewa iyalinka ta kusa sauka.
2. Ka sauka daga aikin garkuwa ko na magani, ka koma cikin 'yan ko-ta-kwana. Idan kai ne jagora, ka miƙa wa mataimaki.
3. Kada ka toshe kunnuwa biyu da iyafis, kada kuma ka rufe shigowar kira.
4. Kada wasa ya cinye caji da dare. Ka bar caji da kuɗin kira a waya.
5. Kuɗin haihuwa daban, kuɗin data daban.
6. Idan ta kira ka, ka ajiye wayar nan take. Dodo yana nan mako mai zuwa.

IDAN KE CE MAI WASA

Ciki yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, doguwar zama kuma na ƙara tsananta shi. Ki riƙa tashi kina tattakawa aƙalla duk bayan awa guda, ki sha ruwa, kada ki riƙe fitsari. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya farat ɗaya, ki zo asibiti ba tare da jira ba. Ki guji zaman dare, domin kina buƙatar barci. Daga mako na 28 ki riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba. Kada wasa ya hana ki zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa.

KU RABA AIKI KAMAR YADDA SUKE RABAWA

Abin koyi a wurin 'yan wasan nan shi ne shiri. Ku zauna da maigida da uwar miji tun ciki yana wata bakwai, ku amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wane asibiti za a je? Idan an tura ku Kano, wa zai biya kuɗin mota?
2. Idan maigida ba ya nan, an ba ki izinin tafiya tun yanzu? Wa zai raka ki?
3. Wane mai mota ko mai a-daidaita-sahu za a kira da dare? A ajiye lambar mutum biyu.
4. Su wa za su ba da jini idan an buƙata? A nemi lafiyayyu biyu, 'yan shekara 18 zuwa sama.
5. Wa zai zauna da yara?
6. An haɗa jaka? A sa katin awo, zannuwa masu tsabta, audugar mata da kayan jariri.

ALAMOMIN DA BA A JIRA

A taho asibiti nan da nan, dare ko rana, idan aka ga zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai tare da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, matsanancin ciwon ciki, fashewar faya, ko raguwar motsin jariri.

YAUSHE WASA YA ZAMA CUTA?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin kuma ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa taƙaita wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Mafi yawan masu wasa ba su kai nan ba. Amma idan abin ya yi nisa jariri ne ke shan wahala. A 2010 'yan sanda a Koriya ta Kudu sun kama wasu ma'aurata da jaririyarsu mai wata uku ta mutu da yunwa, alhali suna kwana a shagon intanet suna wasa. Wanda ya ga waɗannan alamomi a jikinsa ko ga wani nasa ya nemi ganin likita, ana iya taimaka masa.

Ki ba maigida wannan takarda ya karanta, ku kuma rubuta amsoshin tambayoyin nan shida ki zo da su ranar awonki na gaba domin mu duba tare. Allah ya raba lafiya.